Yadda zaka riƙe irin gida ka kuma dawo da itatuwan gonarka kafin su ɓace

Shekara uku kenan da na je gida lokacin kaka, muna zaune da Inna a tsakar gida tana tsince wake, sai ta ce min wallahi tana marmarin tuwon dawar nan da Baba, Allah ya jiƙansa, yake shukawa a gonar bayan gari. Wata kaura ce mai lanƙwasasshen wuya, ƙwayarta manya-manya rawaya, tuwonta ko ya kwana ɗumamensa baya sakin ruwa. Na ce Inna ai wannan mai sauƙi ne, gobe zan samo miki. Toh goben nan sai da ta zama sati biyu. Na zaga garinmu gida-gida, duk wanda na tambaya sai ya ce ai mun daɗe da barinta, wannan ya koma masara, wancan ya ce shi duk shekara a kasuwa yake auno iri. Daga ƙarshe a wani ɗan ƙauye da ke gaba da mu na samu wani dattijo da ya rataye zangarniya huɗu a ɗakin girki, hayaƙi duk ya dafe su, ya ciro biyu ya miƙo min ya ce "ɗana, in Allah ya sa ta yi, ka dawo min da iri." Zangarniya huɗu fa, su suka rage a duk inda ƙafata ta kai, na dawar da muka tashi muna ci.

Tun daga ranar idona ya buɗe. Na fara lissafa abubuwan da na sani a gonakinmu ina yaro waɗanda yanzu sai an sha wahala ake gani: maiwa, takanɗa da muke sha kamar rake, karan dafi da dukawa ke rina fata da shi, gurjiya, rizga, tumuku, duman da ake fafe ƙwarya da ludayi. Itatuwa kuwa ba a magana, ɗinya, kanya, taura, ƙirya, ɗorawa, duk wadda ka gani tsohuwa ce, babu ƙanana masu tasowa a bayanta.

Kada ka ɗauka kewar zamanin da ce kawai ke damuna ɗan'uwa, maganar ci da sha ce. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da rahoto a 2019 cewa cikin tsirrai kusan 6,000 da ɗan Adam ya noma don abinci, guda 9 kacal ne ke bada kashi 66 cikin ɗari na duk amfanin gonar duniya. In kowa ya taru a kan abu ɗaya, ranar da cuta ta gano lagon abin nan kowa ya shiga uku. Mun gani a nan gida. A 1975 cutar da ke dunƙule ganyen gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye kusan hekta 700,000 a arewacin Najeriya, ga shi ba a gama farfaɗowa daga farin 1973 ba, tana cikin abubuwan da suka karya dalar gyaɗa ta Kano. A 2016 tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta share gonaki a Kano da Kaduna da Katsina har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Manomin da ke da abu biyar a gona in ɗaya ya faɗi huɗu na riƙe shi, mai abu ɗaya kuwa sai bashi.

Kuma ni ba cewa nake a bar sabon iri ba, a'a. Geron SOSAT mai saurin nuna ya ceci gidaje da yawa a shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri, irin wake da dawa da ake fitarwa a cibiyar binciken noma ta Samaru da ke Zariya suna da amfani sosai, ni kaina ina shuka su. Abin da nake cewa shi ne sabon ya shigo ya tarar da tsohon a gida, kada ya kore shi. Su kansu masu binciken daga irin manoma suke ɗebo abin da suke haɗa sabon da shi, shi yasa cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan take ajiye da nau'in wake sama da 15,000 a ɗakunan sanyi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ga yadda ni na bi, kai ma zaka iya ko da gonarka kadada ɗaya ce.

Mataki na farko, ka yi ƙidaya

Ka samu ɗan littafin rubutu ka zauna da tsofaffin garinku, maza daban mata daban, kuma dan Allah kada ka tsallake matan domin rabin irin da ya rage a hannunsu yake. Kuɓewa iri-iri, yakuwa fara da ja, rama, karkashi, kabewa, riɗi, gurjiya, duma, duk a ƙullin tsumma da tsofaffin tukwane na iyayenmu mata suke, su ke shuka su a gayauna da bayan ɗaki. Ka raba shafin uku: abin da kowa ke shukawa, abin da mutum biyu ko uku kawai suka riƙe, da abin da sai dai a baka labarinsa. Layi na biyun nan shi ne aikinka na gaggawa.

Kowane iri ka tambaya kwana nawa yake yi ya nuna, wace ƙasa yake so, jigawa ko laka ko bakin fadama, sannan babbar tambayar, me yasa aka bar shi? Amsar ita zata nuna maka yadda zaka riƙe shi. In an ce tsuntsu ne ya dame shi, toh kusa da gida zaka sa shi inda yara ke kora. In an ce daɗewa yake yi ruwa na ɗaukewa bai cika ba, kamar maiwa ko waken kanannado, toh sai a ruwan farko ko a wuri mai riƙe laima. Wani lokacin kuma zaka ji babu wani dalili, kawai mai shi ne ya rasu yaransa suka tafi birni. Kada ka kwaso iri goma a shekarar farko, biyu ko uku sun isa, wanda ya haɗa da yawa ƙarshe duk cakuɗe masa suke yi.

Mataki na biyu, iri a gona ake zaɓensa ba a rumbu ba

Nan ne mafi yawanmu muke kuskure. Sai an gama sussuka an zuba a buhu, damina ta zo mutum ya ɗebi kwano biyu daga abin da ake ci ya tafi shuka, bai san wace uwa ce ta haifi ƙwayar ba. Kamar sati biyu kafin girbi ka shiga gonar da tsummokara a aljihu kana ɗaure wa waɗanda ka zaɓa, kuma ka shiga tsakiya, ka bar na gefe domin su suka fi cuɗanya da na maƙwabta. Kada girman zangarniya kaɗai ya ruɗe ka, wata ta yi girma ne saboda ta tsiro inda saniya ta yi kashi, 'ya'yanta ba za su gaji kashin ba. Ka duba karan gaba ɗaya, bai kwanta ba, babu burtuntuna a kai, tsutsa bata huda shi ba, ya nuna a lokacinsa, in ma ka ga wanda wuta-wuta ta kewaye na kusa da shi amma shi ya cika abinsa, wannan kam ka ɗaure masa tsumma biyu.

Yawan da zaka ɗauka ya danganta da amfanin. Gero da maiwa da masara iska ce ke kai bununin wannan kan wancan, saboda haka in ka riƙa ɗaukar zangarniya biyar ko goma kawai duk shekara irin zai riƙa rauni, kamar dai garken da ba a taɓa shigo masa da sabon sa ba. Ka ɗauki ɗari ko fiye daga sassa daban-daban na tsakiyar gonar. Shibra kuwa, geron banzan nan mai siririn kai da ke zubar da ƙwayarsa ƙasa, ka tumɓuke ta tun kafin ta yi bununi, in ka barta ta yi fure a gonar iri ta riga ta shiga jinin geronka. Dawa da wake da gyaɗa da shinkafa su galibi kansu suke yi wa barbara, basa saurin gaurayewa, tushe talatin zuwa hamsin ya wadatar, sai dai ita dawa tana ɗan ɗaukar na maƙwabta, ka nisanta ta da wata dawar gwargwadon yadda fili ya baka, ko ka sa layukan wake ko gyaɗa a tsakani.

Masara mai aure da ake sayarwa a leda kada ka wahalar da kanka wajen ajiye irinta, 'ya'yanta basa fitowa kamar uwar, wasu dogaye wasu gajeru, amfani ya ragu.

In kuma abin da ka samo ɗan kaɗan ne kamar zangarniyata biyu, ka raba shi biyu, rabi ka shuka rabi ka ɓoye, domin ana iya shuka ruwa ya yi tsaye ko akuya ta shiga. Shekarar farko ba ta ci bace, ta ninka iri ce. Ni a bayan gida na yi kunya shida na kewaye da ƙaya, da ta fara fitar da kai kullum da asuba ina wajen saboda tsuntsaye, har tsohon gidan sauro na yaga na lulluɓe kawunan da suka fi kyau. Inna ta so a daka mata ko kwano ɗaya ne, na ce Inna ki yi haƙuri sai baɗi.

Mataki na uku, bushewa da ajiya

Iri rai ne da shi, zafi da laima su ke kashe shi. Ka shanya a kan tabarma ko buhu, kada ka baza a kan kwalta ko kan kwanon rufi da tsakar rana, ƙwayar zata yi kyau a ido amma cikinta ya dahu. Don ka tabbatar ya bushe ka samu kwalba busasshiya ka zuba ɗan iri da cokali biyu na gishiri busasshe, ka rufe ka girgiza ka bar shi kamar minti goma sha biyar, in ka ga gishirin ya manne a jikin kwalbar toh da sauran laima, a mayar shanya. Tsofaffi kuma da haƙori suke gwadawa, in ya fashe ƙas ya bushe, in ya lotsa bai yi ba.

Gero da dawa sun fi zama lafiya a zangarniyarsu, a ɗaure a rataye inda hayaƙi ke ɗan taɓawa amma ba saitin wuta ba. Gyaɗa a barta da ɓawonta, sai ana saura kwanaki a shuka a ɓare. Wake shi ne mai rigima saboda ƙwari, ko ka gauraya shi da toka mai sanyi da aka tankaɗe har ta cike duk tsakanin ƙwayoyin, ko ka cika jarka taf ka toshe bakin da leda ka ɗaure murfin yadda iska ba zata shiga ba, ƙwaron da ke ciki numfashi zai ƙare masa ya mutu. Buhun PICS mai leda biyu a ciki shi ma haka yake aiki. Sharaɗin dai ɗaya ne, sai wanda ya bushe sarai ake toshewa, in ka rufe mai laima ruɓewa zai yi, kuma kada a riƙa buɗewa ana leƙawa. Jarkar da aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi ba ta ajiyar iri bace. Ka rubuta suna da shekara a takarda biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, ka ɗora a kan katako a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ɗakin ƙasa ya fi na kwano nesa ba kusa ba.

Ana saura wata ɗaya ruwa ya sauka ka gwada. Ka ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, ka jera a jiƙaƙƙen tsumma ka naɗe ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa, bayan kwana bakwai ka buɗe, gyaɗa ka bata goma. In 80 ko fiye sun tsiro irinka lafiya lau. In tsakanin 60 da 80 ne ka ƙara yawan da kake jefawa a rami. In ƙasa da haka ne irin na mutuwa, bana dole ka shuka shi ka sabunta ko da a ɗan fili ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai, gara ka sani a tsumma da ka sani bayan ka gama shuka gona guda.

Mataki na huɗu, kututturen da kake sarewa duk shekara

Wannan shi ya fi komai muhimmanci a wajena kuma ko sisi baya ci. Duk bazara muna fita sassabe, mu sare duk wani toho na sabara da kalgo da magarya da gawo mu tara mu cinna wuta, mu ce gona ta yi fes. Alhali waɗannan ba ciyayi bane, itatuwa ne da aka sare tun tuni amma saiwarsu na nan da rai a ƙasa, wata ta fi tsawon mutum biyu zurfi, duk shekara tana turo toho tana neman ta tashi mu kuma muna maida ta.

A Maraɗi aka fara gyara wannan. Wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta dashen itatuwa suna mutuwa, sai a 1983 wata rana ya tsaya rage iskar tayar motarsa don ya wuce yashi, ya duƙa ya duba wani ɗan kurmi a bakin hanya ya gane ashe bishiya ce da aka sare. Daga nan aka fara jawo hankalin manoma su riƙa barin toho suna gyara shi, lokacin yunwar 1984 abin ya ƙara bazuwa, har aka sa masa suna sassaben zamani. Yau ana lissafin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 da manoman Nijar suka tayar da wannan hanya, galibi a Maraɗi da Damagaram, babu dashe babu ban ruwa. 'Yan'uwanmu ne fa Hausawa, ƙasarsu ta fi tamu yashi, ruwansu bai kai namu ba.

Yadda ake yi: da rani kafin sassabe ka zaga gonar ka ga kututture nawa ke da toho, kuma na wane icce ne. Ka zaɓi waɗanda zaka bari, a farko kamar 40 a hekta, a warwatse, kuma kada duk su zama iri ɗaya. A kowane kututture zaka tarar da toho goma ko ashirin sun cunkushe, ka zaɓi uku zuwa biyar da suka fi miƙewa da ƙarfi ka sare sauran. Waɗanda ka bari ka cire musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu, kada ka wuce rabi, in ka yi masa aski ya zama sanda iska zata karya shi ko akuya ta tanƙwaro kan ta cinye. Adda ta zama mai kaifi, kuma daga ƙasa zuwa sama ake sara, in ka saro daga sama reshen zai ɓare da ɓawon jikin iccen ya bar masa ciwo. Ka ɗaura jan tsumma don mai wucewa ya san da mai shi, rassan ƙaya da ka sare ka jibge su a gindin su zama shinge. Bayan wata uku zuwa shida ka dawo ka cire sabon tohon da ya fito. Duk shekara zaka iya sare ɗaya daga cikin sandunan ka yi itacen girki ko dirka, ka bar sabo ya maye gurbinsa, amma ɗaya mafi kyau ka bar shi ya zama bishiya.

In ka samu gawo a gonarka ka riƙe shi da hannu biyu. Shi kaɗai ne yake zubar da ganye da damina lokacin da shuka ke son rana, ya yi kore shar da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa da abinci, 'ya'yansa kiwo ne mai kyau, dabbobin da suka kwanta a gindinsa su bar maka taki, saiwarsa ma na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ka je ka dubi geron gindin gawo ka gwada da na fili, ba sai an yi maka bayani ba. Ba banza ba sarakunan Damagaram na da suka sa hukunci mai tsanani a kan sare shi. Sabara da kalgo da ake rainawa su ma suna tare ƙurar da iska ke kwasowa, ganyensu ya ruɓe a wurin, shi yasa gindinsu ke yin tudu.

Waɗanda babu kututturensu kuwa dole sai an shuka. 'Ya'yan ɗorawa da kuka da gawo ɓawonsu tauri gare shi, ka tafasa ruwa ka sauke ka zuba su su kwana a ciki, ko ka ɗan goga gefe ɗaya a dutse. Kaɗanya ita kuma ɗanya ake shuka ta da zarar ta faɗo, in ta yi makonni a ajiye ba zata tsiro ba, kuma takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, wannan ta jikoki ce, kamar yadda mu ma muka ci ta kakanni. Tsofaffin ɗorawa da kaɗanya da suka rage ka duba kansu, in kauci ya kama reshe a sare reshen kafin ya shanye uwar.

Gaskiya akwai wahala. Zaka gyara icce shekara biyu wata safiya ka tarar an sare, masu gawayi basa barin ƙirya da marke, kuma ka ga yadda aka yi wa madobiya a Taraba ana lodinta zuwa Sin har sai da aka sa ta cikin itatuwan da duniya ta taƙaita cinikinsu a 2016. Mai tarakta ma zai ce kututture na karya masa garma, sai ka jera naka a layi ko a iyaka. Mutum ɗaya baya iya tsare icce, ka samu maƙwabtan gona uku ko huɗu ku je wajen mai unguwa ko dagaci a yi magana a fili, a kira makiyayan da ke ratsa wajen su ma a zauna da su, a yarda za su iya sassabo ganye da 'ya'ya amma ba a datse kan bishiya ba. Wutar farautar gafiya ma a hana ta a wannan zaman.

Mataki na biyar, ka bar wa miya wuri

Maganin feshi ya rage wahalar noma, ba mai musun wannan, lebura ya yi tsada. Amma shi bai san tafasa ba bai san ƙarangiya ba, duk ɗaya ne a wajensa. Tafasa, lalo, gasaya, yaɗiya, karkashi, zaƙi-banza, da su iyayenmu mata ke yin kwaɗo da miya a watan da rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai iso ba, yanzu a garuruwa da yawa saye ake yi. A Nijar lokacin yunwar 2005 'ya'yan anza da ake jiƙawa kwanaki a cire ɗacinsu sun riƙe mutane da dama, da an share anzar daga daji da me za a ci?

Abin yi kaɗan ne. Ka ware taku biyu ko uku a iyakar gona da gindin itatuwa inda feshi baya zuwa, can da fartanya ake bi. Ka dasa gamba a iyakar, tana tare zaizaya tana baka zana. Ganyen miyar da suka fito ka bar wasu su yi 'ya'ya su zuba, in ma sun ƙare a wajenku ka karɓo iri wajen wata tsohuwa ka watsa. Kada ka yi feshi rana mai iska, kada ka wanke tankin a rafi ko kududdufi. Maganin ƙwari kuma in wake ko riɗi ko kabewa na fure ka bari sai yamma lis lokacin da ƙudan zuma ya koma, domin kabewa da kankana da duma in babu ƙwarin da ke yawo a furensu basa ɗaura 'ya'ya.

Mataki na shida, a gauraya a kuma juya

Kakanninmu a ƙasar Kano gero da dawa da wake suke haɗawa a gona ɗaya, a yi gicci, a girbe gero da wuri wake ya samu sarari ya yaɗu, ga tsaba ga harawa. In kana son wake ya fi haka yawa ka gwada tsarin da masu bincike na IITA suka yaɗa a Kano, layi biyu na dawa ko masara layi huɗu na wake, baɗi ka musanya musu wuri. Gonar da wuta-wuta ta kama kada ka sake maimaita mata dawa a kan dawa, ka sa waken suya ko gyaɗa ko auduga, saiwarsu na sa 'ya'yan wuta-wutar dawa su tsiro su rasa abin kamawa su mutu. Wadda ta fito ka tuge ta kafin ta yi furen nan mai ruwan hoda, tushe ɗaya na zubar da 'ya'ya dubbai kuma suna iya shekara fiye da goma a ƙasa suna jira. A nan ne tsofaffin irin da ka farfaɗo za su samu gurbi, kunya biyar na gurjiya a inda ƙasa ta gaji, maiwa a gefen da ke riƙe ruwa, duma a jikin shinge.

Mataki na bakwai, kada irin ya kwana a gida ɗaya

Gobara na iya tashi, ɓera na iya shiga, kuma halin da ake ciki a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Borno ya nuna mana gari guda na iya watsewa a dare ɗaya, a bar rumbuna a baya. Mutum ya tsira da ransa, bayan shekaru ya dawo, amma irin da gidansu ya riƙe tun kaka da kakanni ya tafi kenan. Ko manyan cibiyoyi basu tsira daga wannan ba, cibiyar ajiyar iri da ke Halab a Siriya da yaƙi ya raba ta da mazauninta, sai a 2015 ta je ta karɓo kwafin da ta ajiye a rumbun iri na duniya da ke Svalbard cikin ƙanƙarar Norway ta sake ninkawa a Labanan da Maroko. Namu Svalbard ɗin shi ne ƙanwarka da ke aure a wani gari da abokinka na wata ƙaramar hukuma. Duk irin da ka farfaɗo ka raba shi aƙalla gida uku, ɗaya a nesa, da sharaɗin wanda ya karɓi kwano ɗaya ya dawo da biyu bayan kaka a ba wani. In akwai malamin gona a yankinku ka nuna masa, ka tambaye shi hanyar da za a aika samfuri cibiyar ajiyar iri ta ƙasa, NACGRAB, da ke Ibadan, ko cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke da ofis a Kano da rumbun iri a Sadore kusa da Yamai.

Ni kakar da ta wuce na ɗaure dami guda na kaurar nan a bayan mashin na kai wa dattijon. Ya zaro zangarniya ɗaya ya murza a tafin hannu ya busa ya jefa ƙwaya biyu a baki, ya ce "ita ce." Yanzu gida bakwai ke da ita a garinmu, ɗaya kuma wajen ƙanwata, Inna ma ta ci tuwonta har da ɗumame. Kafin in taso dattijon ya ce min akwai wani gero mai gashi da tsuntsu baya iya sauka a kansa, rabonsa da ganinsa tun kafin a yi titin garinsu, amma ya ji ana cewa wasu mutanen can arewa wajen iyaka har yanzu suna shuka shi. Bayan sallah nake son in shiga kasuwannin wajen in tambaya.